Litinin Ma Ta Ubangiji Ce: Mace Kirista da Aikinta a Ƙasar Haɗejiya

Malam Madori gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, tashar garin ta zama ƙofar da gyaɗa da sauran amfanin gonar ƙasar Haɗejiya ke fita, kuma ta wannan ƙofa ce ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da tsakiyar Najeriya suka shigo da iyalansu da majami'unsu. A Garun Gabas kuma, cikin ƙaramar hukumar Malam Madori, 'yan mishan na SIM sun taɓa kafa tasha. Kiristocin yankin 'yan tsiraru ne a tsakiyar al'ummar Musulmi, amma ba baƙin jiya ba ne, kuma galibinsu aiki ne ya kawo su ko ya zaunar da su. Matansu na nan a ɗakunan haihuwa da ajujuwan firamare, a shagunan ɗinki da na magani, a gidajen abinci da bakin injin casar shinkafa. Duk da haka, a majami'u da yawa na Arewa har gobe ana auna bangaskiyar mace da yawan tarurrukan da ta halarta. Ungozomar da ta kwana a tsaye kan mai naƙuda, ta kasa fitowa addu'ar asuba, ita ake cewa ta yi sanyi. Wadda ba a taɓa rasa ta a layin gaba ranar zumunta ba, ita ce mai ƙwazo, ko da a ofishinsu an san ta da makara. Wannan ma'auni karkatacce ne, kuma ikilisiya ce ya kamata ta gyara shi, ba matan ba.

Aikin da mace Kirista ke yi daga Litinin zuwa Asabar ba kishiyar bangaskiyarta ba ne, balle a riƙa raba musu kwana. A cikinsa ne bangaskiyar ke bayyana ko ta ɓace. Duk wanda ya san majami'un ECWA ko Angilikan ko Katolika ko Baptis a garuruwanmu ya san mata ne ke riƙe da su. Su ne mafi yawa a kan benci, su ke share ɗakin sujada, su ke girkin taro, su ke zuwa dubiya da barka da gaisuwar mutuwa. Zumuntar mata, da ankonta da kiɗan tulunta, ita ce ƙungiya mafi tsari a ikilisiyoyi da dama, kuma ta share hawayen gwauraye da marayu ba adadi. Ba na raina ko ɗaya daga cikin wannan. Amma a lissafa mako: sujadar Lahadi, addu'ar tsakiyar mako, ranar zumunta, koyon waƙa, nazarin Littafi, ga taron farkawa in lokacinsa ya zo. An tsara yawancinsu ne bisa zaton cewa mace na gida da la'asar. Malamar da ta tashi makaranta da azahar, ta dawo ta ɗora tukunya, ga tarin littattafan yara na jiran ta duba, dole ta zaɓi wanda za ta saɓa wa. In ta zaɓi littattafan, sai ta kwana tana jin kamar ta yi wa Allah laifi. Wannan jin laifin daga jadawalin da mutane suka rubuta ya fito, babu shi a Littafi Mai Tsarki.

Littafin kansa cike yake da mata masu sana'a, kuma bai nuna su a matsayin waɗanda suka ratse hanya ba. Matar da babi na 31 na Karin Magana ya yaba, wadda ake karanta labarinta a ɗaurin aure da ranar mata, ba a zaune take ba. Tana duba gona ta saya, tana dasa inabi da ribar hannunta, tana saƙa ta sayar wa fatake, tana da masu yi mata aiki, tana kuma miƙa hannu ga matalauta. Masu wa'azi sukan tsaya kan tashinta da asuba da girman da mijinta ke samu a ƙofar gari, su tsallake cinikin. A Ayyukan Manzanni babi na 16, wadda aka fara ambata ta karɓi bishara a Filibi ita ce Lidiya, 'yar kasuwa mai sayar da tufafin shunayya masu tsada, kuma a gidanta masu bi suka taru. Biriskila da mijinta Akila ɗinkin tanti suke yi tare, Bulus ya sauka wurinsu saboda sana'arsu ɗaya, kuma su biyun ne suka ja Afolos gefe suka ƙara masa haske. Ranar da Tabita ta Yafa ta mutu, rigunan da ta ɗinka ne gwauraye suka ɗaga suna kuka. Luka ya ce mata irin su Yuwana da Suzana ne suka riƙa ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga dukiyarsu. Waɗanda suka fi kusa da halin yankinmu kuwa su ne Shifra da Fu'a, ungozomomin da babin farko na Fitowa ya ambata da suna. Fir'auna ya umarce su su kashe jarirai maza na Ibraniyawa, suka ƙi saboda tsoron Allah. A bakin aiki suka nuna wannan tsoron, gaban mace mai naƙuda, da umarnin sarki a kansu.

Tun a 1520 Martin Luta ya yi jayayya da raba masu bi gida biyu, masu aikin Allah da masu aikin duniya, kuma abin takaici ne a ce ikilisiyoyin da suka gaji koyarwarsa sun koma ware fasto da mai bishara a matsayin su kaɗai ke wa Ubangiji aiki. Ƙasar Hausa ma ba ta san mace mai zaman banza ba. Polly Hill, wadda ta yi nazarin tattalin arzikin Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa matan da ke cikin kulle na gudanar da babban ciniki na hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci daga cikin gidajensu, yara na kai da kawowa. A gidajen Maguzawa, inda Hausawa Kiristoci da yawa suka samo asali, mace na noma a gandu, tana kuma da gayaunarta, wadda da ita take ciyar da kanta da 'ya'yanta wani ɓangare na shekara. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata. Hoton matar kirki da ba ta da wani abin yi sai jiran albashin miji ya fi kama da gidajen masu hali na Ingila a ƙarni na 19, kuma ta makarantun mishan ya shigo mana, inda aka fi horar da 'yan mata don su zama matan malamai da masu bishara.

Su kansu 'yan mishan ɗin ba haka suka rayu ba. Turawan mulki sun daɗe suna hana su shiga masarautun Musulmi, kuma aikin jinya ne ya buɗe musu ƙofa. Daga 1937 aka damƙa wa SIM kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, na Galmi a Nijar kuma a 1950. A irin waɗannan wurare da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, mata ne da yawa ke riƙe da aikin, wasunsu ba su taɓa aure ba. Asibitin St Luke na Wusasa, inda 'yan mishan na CMS suka koma daga birnin Zariya a 1929, ya horar da 'yan Arewa aikin jinya. Sistocin St Louis da suka iso Kano a 1948 sun kafa makarantar da 'yan mata Musulmi da Kirista suka yi karatu tare. Duk wani mutunci da Kiristanci ya samu a idon talakan Arewa, kaso mai tsoka nasa daga hannun mata masu wanke gyambo da karɓar haihuwa da koyar da karatu ya zo.

Buƙatar kuma ba ta ragu ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF ke aiki a babban asibitin Jahun kan haihuwa mai gardama da yoyon fitsari. Cikin abubuwan da ke hana mata zuwa awo akwai rashin mace ma'aikaciya, domin magidanta da yawa, da su matan kansu, ba sa son namiji ya duba mai ciki. Shi ya sa shirin horar da mata ma'aikatan lafiya da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 ya sa Jigawa cikin jihohinsa. A irin wannan hali, yarinyar da ta fito daga kwalejin jinya ta Birnin Kudu, Musulma ce ko Kirista, aka tura ta ƙaramin asibiti a Guri ko Kirikasamma, inda damina kan yanke hanya, tana tsaye ne tsakanin wata mata da kabari. In Kirista ce, dattawan ikilisiyarta su tambayi kansu me ya sa ake fito da mai bishara gaban jama'a a ɗora masa hannu in za a tura shi ƙauye, ita kuwa iyakarta a ce Allah ya kiyaye hanya.

Masu ja da wannan ra'ayi da gida suke farawa, kuma hujjarsu na da nauyi. Sukan karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Titus, inda ya ce a koya wa matasan mata ƙaunar mazajensu da 'ya'yansu da kula da gida, su haɗa da abin da ido ke gani: yaran da aka bar wa 'yar aiki wadda ita ma yarinya ce, ko aka bar wa waya, da auren da ya yi tsami saboda miji na Dutse mata na Haɗejiya. Waɗannan na faruwa. Sai dai gidan da Bulus ke magana a kai shi ne wurin sana'a a zamaninsa; a cikinsa ake kaɗi da saƙa da niƙa da ciniki, kamar gidan Bahaushe kafin zuwan ofis. Umarnin kula da gida gargaɗi ne kada a yi sakaci da amana, bai haramta neman na kai ba, in ba haka ba da Bulus bai kira Biriskila abokiyar aikinsa ba. Wasiƙun nan kuma ba uwa kaɗai suka ɗora wa reno ba. A Afisawa babi na 6 ubanni aka kira kan tarbiyya, kuma cikin sharuɗɗan zama dattijon ikilisiya akwai iya riƙon gida. Wa'azin da ke tuhumar uwa ma'aikaciya ya yi yawa, wanda ke tuhumar uban da ke kai dare a majalisa ya yi ƙaranci. Idan mata da miji duk sun dawo aiki a gajiye, shi ya miƙe ƙafa ita ta shiga madafi, to abin da ke buƙatar gyara shi ne rabon nauyin gida.

Hukuma da masu ɗaukar aiki ma na da nasu kason. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Wannan kaɗan ne in aka tuna likitoci na so jariri ya sha nono zalla wata shida, kuma ko wannan kaɗan ɗin ba kowace makaranta ko asibiti mai zaman kansa ke cika shi ba. Ikilisiyar da ke da makaranta ta fara duba nata littafin albashi kafin ta yi wa gwamnati faɗa. Fafaroma John Paul na Biyu, a wasiƙarsa ta 1981 kan aikin ɗan Adam, ya nemi a tsara aiki yadda mace ba za ta sayi ci gabanta da asarar iyalinta ba, a kuma daraja wadda ta zauna gida tana reno. Ina tare da ɓangarorin biyu. Wadda ta ajiye aiki don yaranta da yardar ranta ba ta gaza ba, aiki take yi mai wuya ba albashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da zaɓinta doka a kan wadda ta yi shekaru tana karatun ungozoma, ko wadda miji ya rasu ya bar mata marayu. A nan ma akwai abin da Kiristoci za su koya daga maƙwabtansu: a shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ita sai da yardarta. A wasu gidajen Kirista kuwa an fassara zama jiki ɗaya da cewa katin cirar kuɗin matar a aljihun miji zai kwana. Haɗa tattali bisa shawara abu ne mai kyau, amma ƙwace ba ya cikin biyayyar da Littafi ya koyar.

Wasu kuma tsoronsu jarabar wurin aiki ce: na goro, sa hannu a takardar ƙarya, shugaban da ke neman mace kafin ya amince da ƙarin girmanta, aikin dare, aikin Lahadi. Duk akwai su. Amma dalilai ne na a shirya mace, ba na a ɓoye ta ba, tunda ba wanda ya ce maza su bar aikin gwamnati don akwai cin hanci. Tambayoyin da ma'aikaciya ke kwana da su na zahiri ne. Me za ta yi in an ce ta rubuta cewa an yi wa yara rigakafin da ba a yi ba? In aka ce ta karɓi kuɗin maganin da gwamnati ta ce kyauta ne ga masu ciki? In shugaban makaranta ya ce ta rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa, alhali ta san ƙin yi na iya jawo a cilla ta ƙauye mai nisa? Nan ne bangaskiya ke da tsada, kuma nan ne ba a cika jin komai daga bagadi ba. Zumuntar mata na koyar da haƙurin aure da tarbiyyar yara, hakan daidai ne. Ya kamata kuma ta zama wurin da tsohuwar nas mai ritaya za ta zaunar da sababbi ta gaya musu yadda ake cewa a'a ba tare da rashin kunya ba, da inda ake kai ƙara, da wanda zai raka mace in za ta kai. Maganar Lahadi kuwa Yesu da kansa ya yanke ta, domin a ranar hutun Yahudawa ya warkar da matar da ta yi shekara 18 a tanƙware, ya kuma tsawata wa shugaban majami'ar da ya ji haushi. Naƙuda ba ta duba ranar mako. A gaskiya ma makon aikin gwamnati da muka gada daga Turawa ya fi sauƙaƙa wa Kirista, tunda Lahadi hutu ce, Juma'a kuwa ranar aiki. A asibitoci da yawa ma'aikata kan yi musaya tsakaninsu, Musulma ta riƙe aiki ranar Kirsimeti, Kirista ta riƙe ranar Sallah, kuma wadda ta ci moriyar haka ta rama da daɗin rai.

Tambayar da ta fi cancantar amsa ta gaskiya daga maƙwabta Musulmi take zuwa. In ana gaya wa mace Kirista ta shigar da addininta cikin aikinta, ba ana nufin ta mayar da gadon asibiti da aji wurin jan ra'ayi ba ne? Tsoron na da tushe, domin a zamanin mishan an haɗa magani da wa'azi a fili, kuma mutane ba su manta ba. Amsata ita ce a'a, kuma dalilin na addini ne tun kafin ya zama na zaman lafiya. Mara lafiya a kwance ba shi da ƙarfin musu, yaro a aji ba shi da ikon tashi ya fita, albashin kuma daga baitulmalin kowa ya fito. Amfani da raunin mutum don a karkatar da imaninsa cin amana ne, kuma bishara ba ta buƙatar cin amana. Abin da bangaskiya ke nema daga nas shi ne ta zo kan lokaci, ta wanke hannu, ta auna jini da gaske, ta rufa wa mai naƙuda asiri, kada ta daka mata tsawa don ta zo daga ƙauye ba kati, ta kuma taimaka a juya mai jin jiki ya fuskanci alƙibla in danginsa sun nema. Wanda ya tambaye ta a waje abin da ta dogara da shi, tana da 'yancin amsawa. Sashe na 38 na tsarin mulki ya ba ta.

Sai dai amana ba a kan mutum ɗaya take ba. Mace Kirista a Arewa na fita aiki da wani nauyi a zuci wanda ba lalle abokan aikinta su gani ba. A Satumbar 2006 an ƙona majami'u a Dutse bayan an zargi wata Kirista da ɓatanci. A Maris na 2007 ɗalibai sun kashe malamarsu a wata sakandare a Gombe tana tsaron jarrabawa, bisa zargin wulaƙanta Alƙur'ani. A 2022 an kama wata ma'aikaciyar lafiya a jihar Bauchi kan saƙon da ta tura wa abokan aiki ta WhatsApp, ta shafe fiye da shekara a tsare, sai a ƙarshen 2024 kotu ta wanke ta. Wajibi ne Kirista ta kiyaye harshenta, ta girmama abin da maƙwabtanta ke girmamawa. Wajibi ne kuma shugaban ma'aikata da mai unguwa da limami su tabbatar zargi na zuwa gaban hukuma, ba hannun taron jama'a ba. Haka nan maganar takardar shaidar asali: Bahaushiya Kirista da kakanninta ke kwance a ƙasar Jigawa bai kamata sunanta na Rifkatu ko Lidiya ya sa a tambaye ta daga wace jiha ta zo ba. Sashe na 42 ya hana wannan bambanci, kuma jihar da ke neman ungozoma ido rufe ba ta da halin zubar da ko ɗaya.

Wani zai ce duk wannan zancen masu takardar makaranta ne, alhali yawancin mata ba su da ofis. To ai a fadama da kasuwa maganar ta fi fitowa fili. Arzikin kwarin Haɗejiya a kan shinkafa da alkama da kifi da kayan lambu yake. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin cikar kogin ya sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliyar 2020 da ta 2022 kuma sun cinye gonaki da gidaje. Aikin noman rani na Auyo da aka ƙaddamar a farkon 2023 ya ƙara filin shinkafa, kuma ta hannun mata take bi wajen turarawa da shanya da sheƙa da awo. Mai awo ta san bambancin kwanon da aka bubbuga gindinsa da wanda ba a taɓa ba. Mai abinci ta san man da ta zuba, mai ɗinki ta san ranar da ta yi alkawari da ƙyallen da ya rage, uwar adashi ta san kuɗin wa ke hannunta. Attaura da Karin Magana sun yi tir da ma'aunin algus, Alƙur'ani ma na da sura guda a kan masu tauye mudu, saboda haka Kirista da Musulma ƙa'ida ɗaya ce a kansu a layi ɗaya na kasuwa. Akwai kuma bashin da ikilisiya ba ta gama biya ba. A ƙauyukan Maguzawa dafa burkutu na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin mata, kuma ikilisiyoyin bishara sun hana shi ga wadda ta tuba. In an raba mace da sana'a saboda bangaskiya, wajibi ne a kama mata hannu ta samu wata, da jari da koyo, kada a bar ta da waƙa kaɗai.

Akwai wa'azin da ke ɓata wannan magana ta ɗaya gefen, wanda ke mayar da ƙarin girma da mota shaidar yardar Allah, ya mayar da ofis fagen yaƙi da maƙiyan ɓoye. Yakan sa mace ta riƙa kallon abokiyar aikinta da zargi, ta zuba rabin albashinta a baiko tana jiran ninki, ta ɗauka azumi zai tsaya a madadin karatun jarrabawa. Mace na iya yin aikinta da gaskiya shekara talatin ta yi ritaya a ƙaramin mataki tana bin fansho, kuma hakan bai rage komai daga amincinta ba. Ya kamata fasto ya iya faɗar haka a fili.

Gyaran da ake buƙata ba ya cin kuɗi da yawa. Majalisar dattawa na iya zama da matan da ke aiki a tsara lokutan taro tare da su, a rage yawan tarurrukan in ta kama, a daina kiran sunan wadda aiki ya riƙe ko cin ta tara inda ake yi. Ana iya ware Lahadi guda a farkon zangon karatu a yi wa malamai addu'a, wata kuma gab da kaka a yi wa manoma da masu awo. Kuɗin da zumunta ke tarawa na sabon anko, wani kaso nasa zai biya wa yarinya ɗaya fom da rajista a kwalejin jinya, ko kwalejin ilimi ta Gumel, ko kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, ko Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, waɗanda kusancinsu ya rage wa iyaye uzurin nisa. Makarantun horar da fastoci su sa darasin aiki da sana'a, domin da wuya wanda bai taɓa jin yadda ake cika rajistar ɗakin haihuwa ba ya yi wa'azin da zai taɓa mai cika ta. Sannan a ba matan nan wuri inda ake yanke shawara. Akantar da ke lissafin miliyoyin naira a ma'aikatarta, sau da yawa a majami'arta girkin taro kawai ake ba ta, kwamitin kuɗi kuwa maza ne zalla. Ko ikilisiyar da ba ta naɗa mata fasto, babu abin da ya hana ta miƙa wa wannan mata littafin kuɗi ta duba, ta sa nas ta shugabanci kwamitin lafiya, ta kuma nemi shawarar malamar makaranta kafin ta buɗe firamare.